Ranar Da Na Cinye Kirarin Baba Jatau

Ba zan taɓa mantawa da bikin Mati ɗan Sarkin Baka ba, kuma ko da Allah ya taimake ni na manta, mutanen Kazage ba za su bar ni ba. Yau furfura ta cika mini kai, jikokina sun fara riƙe fartanya, amma idan zancen bikin nan ya taso a majalisa sai in tsinci kaina ina gyara hular da ba ta karkace ba. Gara in ba da labarin da bakina, don masu ba da shi a bayan idona suna ƙara masa gishiri.

A lokacin ina saurayi, gemuna bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ina hannun kawuna Barau, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne makaɗin garayar maharban Kazage. Tun ina ƙarami nake zaune a gefensa, har na haddace taken kowane maharbi a garin. Al'adar kuwa ita ce, idan aka kaɗa wa maharbi takensa a taro, sai ya tashi ya shiga fage da bakansa, ya kwaikwayi farautar da ta yi masa suna, ya yi kirari. Kawu yana kaɗa waɗannan take a natse, kamar mai taka ƙasar da aka yi wa shuka. Ban taɓa ganin laifin hakan ba, sai ranar da na je cin kasuwa a Birnin Gwari.

Wani ayarin fatake da ke kan hanyar Nupe ya yada zango a bakin ganuwa, a cikinsu akwai wani saurayi Bazazzagi mai garaya. Wallahi ba a ganin yatsunsa. 'Yan mata masu tallar fura suka sauke ƙorensu suka kewaye shi, ni kuma na tsaya da tulun zumar da aka aike ni in sayar, baki buɗe, ƙudaje suna shagali. Na ƙura wa hannunsa ido har na gano sirrin. Kawu ƙasa kawai yake bugun tsirkiya da 'yar busasshiyar fatar nan da ake kaɗawa da ita. Wannan kuwa yana bugu idan hannu zai sauka, yana bugu idan zai hau, kowane zuwa da dawowa sauti biyu. Na koma gida da rabin zuma da cikakkiyar hassada.

Washegari na fara. Na samu wuƙa na kankare 'yar fatata har ta yi siriri, don kada ta riƙa maƙalewa a tsirkiya. Sannan na mai da turmin Inna Ladi, matar Kawu, ya zama malamina. Idan ta fara daka sai in zauna a bayan rumbu, taɓarya ta sauka sau ɗaya, ni in buga sau ɗaya. Da hannu ya saba na koma biyu, ƙasa da sama. Daga nan huɗu. Hannun hagu kuma yana hawa da sauka a kan tsirkiya, yatsa bayan yatsa, daga can wuyan garaya har kusa da ƙoƙo, in juyo in koma inda na fito. Ba waƙa ba ce, ba take ba ne, hawa ne da sauka kawai, safe da yamma. Ranar da maƙwabta suka shigo aka yi lugude da taɓarya uku, ni a wurina ranar salla ce.

Inna Ladi ta yi haƙuri na kwana goma, sannan ta leƙo bayan rumbu.

"Wai ɗan nan, wannan taken na wane ne?"

Na ce, "Ba take ba ne, Inna. Horon yatsu ne."

Ta ce, "To ka kai su daji ka hore su. Kajina sun daina ƙwai."

Haka na koma bukkar gonarmu da ke bakin daji. Na tara 'ya'yan tsamiya a gabana, duk hawa da saukar da na yi babu tuntuɓe in ture ɗaya gefe, idan na yi tuntuɓe in mai da su duka in sake daga farko. (Da na yi wa noma rabin wannan naci, da yanzu ni ke ciyar da Kazage.) Yatsuna suka fashe, suka warke, suka yi kanta. Wani Bafillatani da ke kiwo ta wajen ya tsaya wata rana ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Kai mai garaya, ko rina ce ta yi gida a ciki?" Ni kuwa na ji daɗi har raina, na ɗauka yabo ne.

Kawu bai ce mini komai ba sai sau ɗaya. Ya zo duba dawa ya same ni ina zuba gudu, ya tsaya da hannu a baya har na gama.

Ya ce, "Lalle hannunka ya iya gudu. Ina za shi?"

A zuciyata na ce, tsoho ya ga abin da ba zai iya ba. Allah ya yafe mini.

To, a duk taken da ke garinmu, babu wanda ya kai na Baba Jatau nawa. Shi ne Sarkin Baka, shugaban maharba, tsoho mai ɗingishi kaɗan. Yana saurayi wata ɓauna ta addabi manoman bakin kurmi, ta kashe mutum biyu. Baba Jatau ya bi sawunta shi kaɗai, ya kwanta a cikin ciyawa tun hantsi har la'asar bai motsa ba, cinnaku suna cinsa, har ta matso inda yake so. Saboda haka takensa ya zama na sanɗa: bugu uku, a tsaya. Bugu uku, a tsaya. Sai kuma wata doguwar tsayawa, wadda garaya ke yin tsit kamar an kai ta wani gari. A cikin wannan shirun ne yake yin kirarinsa. Na san da haka, na gani ba sau ɗaya ba. Amma da sauri ya shiga kaina, sai na fara ganin shirun nan fili ne da aka bari babu shuka, har na gaya wa kaina wai Kawu hutawa yake yi a wurin saboda hannunsa ya tsufa.

Bayan an gama girbi aka sa ranar bikin Mati, autan Baba Jatau. Tsohon ya aika wa maharban Damari da na cikin birni cewa su zo, don ranar ce zai shiga fage karo na ƙarshe. Zai yi kirarinsa a gaban jama'a, ya miƙa wa Mati bakansa, ya koma zaure ya zauna. Mutum ya yi shekara da shekaru yana shiga daji, wannan yinin kaɗai ya roƙa a ba shi.

Saura kwana uku ɗan karkare ya fito wa Kawu a babban yatsa. Hannu ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ina yi masa sannu da baki, zuciyata tana cewa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ranar biki ya kira ni bakin gadonsa, ya miƙo mini garayarsa ta gado da hannun hagu.

"Taken Jatau, ka kaɗa shi yadda ka ji ina kaɗawa. Inda na tsaya, ka tsaya."

"To, Kawu."

"Ka ji ni dai?"

"Na ji, Kawu."

Na ji ɗin, kamar yadda dutse ke jin ruwan sama.

Bayan sallar la'asar aka taru a ƙofar gidan Sarkin Baka. Maharba sun yi sahu da rigunansu na layu, mata sun cika bayan danga, ga baƙi a kan tabarmi an ajiye musu ƙoren fura. Inna Ladi ta zauna kusa da ni da cakinta, don ita ke kaɗa wa Kawu. Na fara da taken ƙananan maharba, ina ɗan sa musu gudu kaɗan kaɗan. Su samari ne, jininsu na tafasa, suka yi ta tsalle ana guɗa. Wani baƙo ya ce, "Yaron nan hannunsa wuta ne!" Wannan maganar ita ta ƙarasa ni.

Sai aka yi tsit. Baba Jatau ya miƙe. Ya sa tsohuwar rigarsa da ta sha hayaƙi, ya rataya kwari, ya ɗauki baka. Ya dube ni ya gyaɗa kai.

Bugu ukun farko na yi su daidai, ba zan zalunci kaina ba. Tsoho ya sunkuya, ya ɗaga ƙafa ya ajiye a hankali. Da aka zo wurin tsayawa sai yatsuna suka ce ba su san zancen ba. Na ce bari in ɗan yi ado a nan, hawa ɗaya da sauka ɗaya. Ya yi daɗi a kunnena. A tsayawa ta biyu na yi hawa biyu. Kafin in ankara, bugu ukun ma sun narke a cikin gudun, na kama hanyar bukkar gona gadan gadan.

Ga kuma wata al'ada da ta ƙara tsawaita wahalar. Ba a katse take maharbi yana tsaye a fage, kuma maharbi ba ya taka saɓanin garaya. Don haka babu wanda ya isa ya ce mini in tsaya, shi kuma tsohon dole ya bi ni. Mutumin da ya zo nuna yadda ya yi sanɗar ɓauna sai ga shi yana ɗage ƙafafu da sauri da sauri kamar wanda ya taka toka mai zafi, kwari yana bugun bayansa. Inna Ladi ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ɗauka cewa take yi in ƙara. Na ƙara.

Muka iso doguwar tsayawar. Baba Jatau ya ja birki da kansa, ya ɗaga baka sama, ya cika ƙirji da iska.

"Sai ni..."

Na zuba masa hawa da sauka a kai. Ya haɗiye sauran. Ya jira na zagayo, ya sake ɗaga baka.

"Sai ni Ja..."

Na sake binne shi. A lokacin na lura kowa ya zuba mini ido, babu mai guɗa, babu mai motsi, har Inna Ladi ta ajiye caki a cinya. Wai ni a haukata mamaki ne ya kama su. Na tuna Bazazzagin nan da 'yan matan fura, na rufe ido, na saki hannu gaba ɗaya. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kafinta ko bayanta. An ce tsohon ya gwada karo na uku, bakinsa yana motsi babu mai jin komai. An ce wani saurayi daga cikin baƙi ya kasa riƙe dariya har wani dattijo ya make masa ƙeya. Ni duk ban gani ba, ina can ina cin duniya.

Abin da ya tsayar da ni gumi ne. 'Yar fatar da na kankare ta suɓuce daga yatsuna, ta yi sama, ta faɗa tsulum a ƙwaryar furar babban baƙon da ya zo daga Damari.

Na buɗe ido ina jiran guɗa. Fage babu kowa. Baba Jatau ya riga ya koma tabarmarsa ya zauna, yana haki. Bakan yana hannun Mati, an miƙa masa shi haka nan babu kirari, babu kalma ɗaya, kamar an ba shi aron fartanya. Mati ya sunkuyar da kai. Babban baƙon ya sa yatsa biyu ya tsamo 'yar fatar, ya karkaɗe ta, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ungo, ɗan samari. Ita ma ta gaji."

Nan ne dariyar da aka danne ta ɓalle. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Na dubi Baba Jatau, shi ba ya dariya, ba ya kuma fushi. Yana kallon fagen ne kawai. Sai a lokacin na fahimci abin da na ɗauke masa, na kuma san ba abu ne da ake mayarwa ba.

A gida Inna Ladi ta riga ni kai labari. Na shiga na durƙusa ina jiran zagi, ko mari da hannun da ke da lafiya. Kawu ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

Ya ce, "Shirun nan da ka cike, ka ɗauka nawa ne? Na Jatau ne. Ajiya ya ba ni." Sannan ya juya fuska bango.

Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ban fita ba, tuwo ma sai Inna ta yi da gaske nake taɓawa. A na uku ta ƙulla mini goro a ganye ta ce, "Tashi ka je. Kunya ba ta kashe mutum, da tuni mun yi jana'izarka."

Na sami Baba Jatau a zaure yana gyaran tarko. Na zube.

"Ranka ya daɗe, na zo neman gafara. Na yi wauta."

Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya ba ni rabi.

"Ka yi. Amma hannun naka na da kyau, ɗana, kunnen ne babu. Gobe da hantsi ka zo. Ka bar garaya a gida."

Washegari ya kai ni cikin daji, bakin wani tafki da namun dawa ke shan ruwa. Ya nuna mini gindin wata bishiyar ƙirya ya ce in kwanta, shi ma ya kwanta. Shi ke nan darasin. Kafin rana ta take na yi tari sau biyu, na kashe sauro uku da tafi, na tambaye shi ko za mu daɗe. Wata gada da ta doso ruwa ta ji ni ta juya da gudu. Tsoho ya ce, "Ga 'yar'uwarka can, bi ta."

Haka muka yi ta yi duk ranin nan, bayan kwana biyu ko uku sai mu koma. Cinnaku suka san ni, na san su. A hankali na fara jin abin da ban taɓa ji ba: yadda tsuntsaye ke ɗauke murya idan wani abu na tafe, yadda mutum ke jin bugun zuciyarsa a cikin kunne, yadda numfashi ke tsayawa da kansa idan dabba ta ɗago kai. Ashe shirun cike yake maƙil, ni ne ban iya ji ba. Ranar da wata barewa ta sha ruwa ta ƙoshi, taku kaɗan daga inda nake kwance, ta tafi ba ta san da ni ba, Baba Jatau ya tashi ya karkaɗe rigarsa.

Ya ce, "Gobe ka zo da garayar."

Na ɗauka taro zai tara. Na ce ko in sanar da maharba? Ya girgiza kai.

"Na gaya wa mutane na ƙarshe ne, na kuma miƙa baka. Sarkin Baka ba ya yin na ƙarshe sau biyu."

A bakin tafkin nan muka yi, da rana tsaka. Babu baka a hannunsa, sandar dogarawa ce. Na yi bugu uku, na tsaya. Bugu uku, na tsaya. Da muka iso doguwar tsayawar, wallahi yatsuna ƙaiƙayi suke yi, sai da na danne hannun dama a kan cinyata. Tsoho ya ɗaga sandarsa sama.

"Sai ni Jatau, kututture mai numfashi!
Na kwanta da hantsi, la'asar ta same ni inda nake!
Cinnaku sun ci sun ƙoshi, ban ce musu uffan ba!
Ɓauna ta dube ni ta ce itace ne, itace ya tashi ya gaishe ta!
Kibiya ɗaya, ban nemi ta biyu ba!"

Muryarsa ta karye a ta ƙarshen. Na jira har ya sauke sandar, sannan na ɗora bugu uku. Hawaye suna zubo mini, ban ma samu hannun sharewa ba. Kirarin da ya kamata mutanen gari uku su ji, babu wanda ya ji shi sai ni da tsohon karensa, shi ma kurma ne.

Baba Jatau ya zauna a kan saiwa yana mai da numfashi, ya ce, "Yauwa. Yanzu na ajiye."

Damina biyu bayan haka ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kawu ya bar mini garayar, na yi wa maharban Kazage kiɗa har ƙarfina ya fara ja baya, kuma ba zan ɓoye ba, saurin nan ya yi mini rana a taken samari. Amma wata shida na yi ina koyon gudu, na shekara uku ina koyon tsayawa, har yau ban ce na gama ba. Shi ya sa duk saurayin da ya zo mini da yatsu suna rawa yana so in koya masa sauri, nakan koya masa, don babu kyau rowa. Sai dai kafin ya tafi nakan ce masa, idan ka ga fili babu shuka, ɗana, tambayi mai gonar kafin ka zuba irinka. Ni da ban tambaya ba, kirarin mutum guda na cinye, kuma har yanzu yana tsaye mini a wuya.